Ƙarancin zink da tsayin yaro: me ke faruwa a cikin ƙashi?

Tambaya: Ɗana yana da shekara 8, amma sa'o'insa duk sun fi shi tsayi. Wata ma'aikaciyar lafiya ta ce mai yiwuwa jikinsa na ƙarancin zink. Ni kalsiyam na sani da gina ƙashi, to ina ruwan zink a ciki?

Amsa: Malama, gaskiyarki game da kalsiyam, domin shi ne tubalin ginin ƙashi, sai dai ginin ba ya tashi in babu masu ɗora tubalin, kuma a nan zink yake shigowa. Kusan kashi 30 cikin 100 na zink ɗin da ke jikin mutum a ƙashi yake.

Dogayen ƙasusuwan yaro, kamar na cinya da ƙwauri, suna ƙara tsayi ne daga wani siririn guringuntsi da ke kusa da bakinsu, inda ƙwayoyin halitta ke ta rarrabuwa suna jeruwa, sannan a hankali wurin ya daskare ya zama ƙashi. Wannan rarrabuwar tana buƙatar zink. Haka kuma sinadarin da ake kira alkalin fosfates, wanda ke taimakawa kalsiyam ya zauna a sabon ƙashi, ba ya aiki sai da zink, kuma idan zink ya yi ƙaranci sinadarin girma na IGF-1 yakan ragu a jini. Abin da yake biyo baya shi ne tsumburewa, har idan aka ɗauki hoton ƙashin hannun yaron a ga shekarun ƙashin sun gaza shekarunsa na haihuwa. Ƙafar da ta lanƙwashe ko ta yi gwame kuwa wani batu ne daban, wanda galibi ƙarancin kalsiyam ko bitamin D ke kawowa.

A birnin Shiraz na ƙasar Iran aka fara gano illar ƙarancin zink a jikin mutane. A 1961 likita Ananda Prasad ya ba da rahoton wasu samari, cikinsu har da ɗan shekara 21 mai kamannin yaro ɗan shekara 10, waɗanda ba su balaga ba, abincinsu gurasar alkama ce kusan kullum, nama sai jefi-jefi, suna kuma cin farar ƙasa. A 1963 ya tabbatar a Masar cewa ƙarancin zink ne, kuma daga baya waɗanda aka ba su zink sun ƙara tsayi sun balaga.

Labarin ya shafe mu, saboda gero da dawa da masara suna ɗauke da sinadarin fayitet, wanda ke riƙe zink a hanji ya hana jiki tsotsarsa. Yaron da ya karya da kunu, ya ci tuwo da miyar kuka da dare, cikinsa ya cika, amma zink ɗin da ya shiga jininsa kaɗan ne. Jiƙa hatsi a bar shi ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa koko, yana rage fayitet. Nama da hanta da kifi da ƙwai su ne suka fi ba da zink mai shiga jiki, sai gyaɗa da wake. Ɗan shekara 4 zuwa 8 na buƙatar kimanin miligiram 5 na zink a rana. Yawan gudawa ma yana zubar da shi, shi ya sa tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a ba yaro mai gudawa zink na kwana 10 zuwa 14.

Ban ba ki shawarar sayen ƙwayar zink ki riƙa ba ɗanki da kanki ba, domin ƙwayar tana taimakon wanda yake da ƙarancin ne, kuma yawanta na hana jiki tsotsar sinadarin jan ƙarfe (copper), wanda shi ma jiki ke buƙata. Gajarta na iya zama gado, ko ta fito daga ciwon sikila ko matsalar maƙoƙo. Ki kai shi asibiti a auna tsayinsa a kan jadawalin girma, a sake aunawa bayan wata 6, kuma kada a jinkirta, domin guringuntsin nan yana rufewa a ƙarshen balaga, bayan nan ƙashi ba ya ƙara tsayi.