Amsa: Sauya kamfanin kwanson harsashi, albarushi yana nan yadda yake?

Malam, ka ce ka saba cika harsashin .308 Winchester ɗinka a kwanson kamfanin Winchester, yanzu ka samu na kamfanin Lapua, kana so ka zuba awon albarushin da ka saba. Don Allah kada ka yi haka kai tsaye.

Daga waje kwanson biyu girmansu ɗaya, amma kaurin tagullar ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Inda tagulla ta yi kauri, cikin kwanso ya matse, albarushin nan da ka saba kuma sai ya haifar da matsi mai yawa idan ya kama. Abin ya fi fitowa fili a kwanson soja na 7.62x51 (takwaran .308 a wajen soja), irin na Lake City, masana'antar harsashin sojan Amurka, wanda galibi ya fi na kasuwa kauri. Wanda yake kusa da awo mafi yawa da littafin cika harsashi ya yarda da shi, shi ne ya fi shiga haɗari.

Ni abin da nake yi, in koma awon farko da littafin ya bayar, ko in rage kashi 10 cikin 100 na awon da na saba, sannan in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ina harbawa ina dubawa. Idan firama (ɗan abin da ke gindin kwanso mai kunna albarushi) ta baje, ko sakatar bindiga ta yi tauri wajen buɗewa, ko gindin kwanso ya fito da tabo mai sheƙi, matsi ya yi yawa ke nan, tsaya nan, ka koma baya.

Kana so ka ga bambancin da idonka? Auna kwanson da aka harba babu komai a ciki, cika shi da ruwa har baki, ka sake aunawa; nauyin da ya ƙaru shi ke nuna girman cikinsa. Yi wa kowane kamfani guda biyar.

Kuma kada ka gauraya su a akwati ɗaya, ka rubuta wa kowane sunansa da awonsa.