Tambaya da Amsa: Tsohon Turancin Adana Abinci

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji wani littafin girki na Turanci daga kakata, wadda ta yi aikin kuku a gidan Turawa tun ana kiran Ghana Gold Coast. Ina so in gwada adana albasa da nama yadda ya koyar, amma kalmomin sun fi ƙarfina: brine, gill, saltpetre, potted da corned. Wata maƙwabciya ta ce saltpetre kanwa ce. Haka ne? Daga wata mai karatu a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mu fara da maganar kanwa, don nan hatsarin yake. Saltpetre ba kanwa ba ce. Wani sinadari ne da ake kira potassium nitrate, wanda Turawan zamanin da suke barbaɗa wa nama kaɗan don ya riƙe jansa, ya kuma jima. Ita kanwa kashe tsami take yi, alhali tsamin nan shi ke hana ƙwayoyin cuta rayuwa a kwalba. Kin zuba ta, kin buɗe musu ƙofa. Shi kansa saltpetre ba mu ba ki shawarar taɓa shi a gida, domin in ya yi yawa guba ne.

Brine ruwan gishiri ne mai ƙarfi. Tsofaffin littattafai kan ce a zuba gishiri har ƙwai ya taso sama. Wannan awon yana yaudara, tunda tsohon ƙwai ko a ruwa zalla tasowa yake yi. Ki auna giram 100 na gishiri a lita 1 ta ruwa, kusan daidai ke nan. Ki nemi gishiri mai tsakuwa irin na garin Ada da ke bakin teku a Ghana. Na leda yakan sa ruwan ya yi duhu-duhu saboda abin da ake haɗa masa don kada ya dunƙule. Wannan tsakuwar gishirin ce ma ake nufi da corn a tsohon Turanci, shi ya sa naman gwangwani ake ce masa corned, ba masara a ciki. Gill kuwa awo ne, mililita 142, rubu'in pint na Ingila mai mililita 568.

Ga yadda za ki yi albasar. Ɓare ƙananan albasa kilo 1, ki jiƙa su a ruwan gishirin nan awa 24, ki danne da faranti su nutse. Gishirin ne ke zuƙe ruwan jikinsu don kada su tsarma tsamin daga baya. Ki ɗauraye, ki tsane da kyalle mai tsabta. Ki tafasa ruwan khal, wato vinegar, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, za ki gani a jikin kwalbarsa, tare da masoro, kanumfari da busasshen barkono, kada ki ƙara ruwa. Ki bar shi ya huce sarai kafin ki zuba, don mai zafi yana sa albasa ta yi laushi. Kwalbar gilashi da aka dafa a ruwa za ki yi amfani da ita, khal ɗin ya rufe albasar da kamar yatsa ɗaya, murfin kuma kada ƙarfensa ya taɓa ruwan, tsatsa zai yi. Bayan mako 2 zuwa 4 ta yi. Duk wadda ta leƙo sama ita fumfuna ke fara kamawa.

In littafin ya ce a dafa kokwamba a tukunyar jan ƙarfe don ta yi kore shar, ki tsallake wurin. Tsami ne ke narkar da ƙarfen cikin abincin, kuma yana cutar da jiki.

Sai potted: dafaffen nama da aka daka, aka danna a ƙaramar tukunya, aka rufe samansa da narkakken man shanu. Dabarar ƙasar sanyi ce. A zafin Kumasi, nama mai danshi da aka toshe wa iska, ba tsami, shi ne wurin da ƙwayar Clostridium botulinum ke tsiro, gubarta kuma ba lallai ta yi wari ba. In kin yi, ya zauna a firij, a cinye cikin kwana 3. Naman da za a ajiye ba firij kuwa, ki bi hanyar kilishi ko ta koobi, busasshen kifin gishiri na Ghana: gishiri sosai da shanya har ya bushe ƙarau.