Me ya sa Birtaniya ta hana hayaƙin kwal unguwa-unguwa?

Tambaya: Na karanta cewa hazon hayaƙi ya kashe dubban mutane a Landan a 1952. To me ya hana gwamnati haramta ƙona kwal a gidaje nan take, har aka ɗauki shekaru ana bi yanki-yanki?

Amsa: Malam, abin da ka karanta haka yake. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952 iska ta tsaya cak, sanyi ya danne hayaƙi a kan birnin. Ƙidayar farko ta nuna mutum kusan 4,000 sun rasu, daga baya masu bincike suka ce adadin ya kai wajen 12,000. Babban kaso na hayaƙin daga murhun ɗumama ɗaki yake fitowa.

Matsalar ke nan. A lokacin kusan kowane gida da kwal yake jin ɗumi. Ka hana shi rana ɗaya a tsakiyar hunturu, ka kashe mutane da sanyi maimakon hayaƙi. Kuma makamashi marar hayaƙi da ake sarrafawa bai isa ya wadatar da ƙasar gaba ɗaya ba.

Shi ya sa dokar tsabtace iska ta 1956 ta ba ƙananan hukumomi ikon ware yanki su ayyana shi a matsayin wurin da ba a yarda hayaƙi ya fito ta bututun gida ba. Sai minista ya amince, sannan a ba mazauna aƙalla wata 6 su shirya. Abin da a ganina ya sa dokar ta yi aiki shi ne kuɗi: kashi 70 cikin 100 na kuɗin sauya murhu hukuma ke biya, 40 daga gwamnatin tsakiya, 30 daga ƙaramar hukuma, maigida ya cika saura. Ba tara aka fara nuna wa mutane ba. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, biranen Kobentiri da Manchesta sun riga sun gwada ta a tsakiyar gari.

Tafiyar ta yi nawa, babu shakka. A 1962 wani hazon ya sake kashe ɗaruruwa a Landan. Garuruwan mahaƙa kwal kuwa sun ja ƙafa, don ma'aikata na samun kwal kyauta ko da rahusa a cikin haƙƙinsu na aiki, wa zai so a hana shi ƙona abin da ya yi wa gumi? Sai dokar 1968 ta ba minista ikon tilasta wa ƙaramar hukumar da ta ƙi motsi. Sannan iskar gas ta Tekun Arewa, da aka fara kai wa gidaje daga 1967, ta yi wa dokar rabin aikinta.

Yau itace ne ya maye gurbin kwal a cikin ƙorafin. Tun Mayu 2021 Ingila ta hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ɗauri, kuma wanda bututun gidansa ya fitar da hayaƙi a yankunan da aka hana hayaƙi zai iya biyan tarar fam 175 zuwa 300.