Direbobi Sun Ɓace a Windows XP

Tambaya: Ina da tsohuwar manhajar lissafi da ba ta tashi sai a Windows XP. Na sake ɗora XP ɗin, sai sauti ya ɗauke, firinta ma ta ƙi aiki. Ina mafita?

Amsa: Malam, direbobi ne babu, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta iya aiki da na'urori irin su firinta da na'urar sauti. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta devmgmt.msc, ka danna Enter, jerin na'urorin kwamfutar (Device Manager) zai buɗe. Duk na'urar da ke da alamar tambaya ruwan ɗorawa, ita ce marainiyar. Shiga Properties ɗinta, sannan Details, ka zaɓi Hardware Ids. Lambar VEN ta kamfani ce, ta DEV kuma ta na'urar: a lambar VEN, 8086 kamfanin Intel ne, 10EC kuma Realtek. Da su za ka nemo direba a shafin kamfanin, na XP mai bit 32. Na Windows 7 yawanci ba ya zama.

Fara da direban chipset, wato na babban allon cikin kwamfutar (motherboard), ka sake kunna kwamfutar. Sautin nan kuwa, in XP ɗinka mai Service Pack 2 (SP2) ne, sai ka sa gyaran Microsoft mai lamba KB888111 tukuna, in ba haka ba direban Realtek zai yi ta ƙi. Firinta, girka direbanta kafin ka jona kebul.

In allo ya koma shuɗi, danna F8 wajen kunnawa, ka shiga Safe Mode, ka koma Properties na na'urar, ka yi Roll Back Driver don komawa direban da ya gabata. Kuma ka raba kwamfutar da intanet, Microsoft ta daina tallafa wa XP tun Afrilun 2014.