Hukuncin Kafa Sabar Saƙonni Ta Ƙungiya Maimakon WhatsApp

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu 'yan kasuwa ne a Agege, Legas. Lissafin adashi da bashi da hotunan rasit duk a zauren WhatsApp muke yi. Wani yaronmu mai gyaran waya a Ikeja ya ce zai kafa mana saba tamu, wato kwamfutar da ke ajiye saƙonni da isar da su, da wani tsarin hira mai suna Matrix, mu daina dogaro da kamfani. Ya halatta? Kuma za mu iya biya daga asusun ƙungiya?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ya halatta, ɗan'uwa, domin asalin abubuwan amfani halacci ne sai dalili ya hana. Damuwarku kuma tana da tushe. A Yulin 2024 hukumar FCCPC, mai kare haƙƙin masu sayayya a Najeriya, ta ci tarar Meta, mai WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda take sarrafa bayanan 'yan Najeriya.

Sai dai ku gane cewa amanar da ke hannun kamfani za ta koma wuyan yaronku ne. Allah Ya ce a mayar da amanoni ga masu su (Nisa'i: 58), Ya kuma hana binciken asirin mutane (Hujurat: 12). A Matrix, hirar mutum biyu da rufaffen zaure ana kulle su tun daga wayar mai aikawa, mai kula da saba ba zai iya karantawa ba. Amma yana ganin wa ya yi magana da wa, da yaushe, kuma zauren da ba a kunna wa kulli ba a buɗe yake gare shi. Idan kun ƙara da Mastodon, wani dandalin sada zumunta da ake kafawa a saba ta kai, saƙonnin sirrinsa ba su da wannan kulli sam. Wajibi ne a faɗa wa kowane mamba haka kafin ya shiga, ɓoyewa algus ne. Leƙen bayanan mutane ba tare da larurar gyara ba haramun ne, ko da shugaban ƙungiya ne ya ba da umarni.

Hukuncin yaron na mai riƙon ajiya ne: ba ya ramuwa sai idan ya yi sakaci. Sakaci a nan abu ne sananne. Ya bar Synapse, manhajar sabar, watanni bai sabunta ba alhali an sanar da ɓarakar tsaro a cikinta. Bai ajiye kwafin bayanai a wata na'ura daban ba, ko ya ajiye amma bai taɓa gwada dawo da shi ba. Ya manta da sabunta takardar tsaron sabar ta Let's Encrypt, cibiyar da ke bayar da ita, mai ƙarewa bayan kwana 90, wayoyi suka ƙi haɗuwa. Ko ya girke sabar a shago babu inbata, da irin wutar Legas, yankewar wuta ta lalata rumbun bayanai. Na fi ganin ku yi hayar saba a cibiyar ajiya, ijara ce ingantacciya, ku kuma ƙayyade kwanakin ajiye bidiyo, don shi ke cika faifai.

Makullin dawo da saƙonni da Element, manhajar Matrix ta waya, ke bayarwa kuwa, kowa ya rubuta nasa ya adana. Wanda aka sace wa waya kuma bai da shi, tsofaffin saƙonninsa sun tafi, babu laifin yaron. Shi ya sa ban yarda bashi ya tsaya a hira kaɗai ba. Ku rubuta a takarda da shaidu kamar yadda Baƙara: 282 ta umarta.

Kada mutum ɗaya ya riƙe kalmar sirri da rajistar adireshin intanet na sabar. Amintattu biyu su riƙe, a rubuta ladan yaron da aikinsa, don gudun ranar da zai koma gida Arewa ko a sami saɓani.

Batun kuɗi, idan karo-karon mambobi ne kuma sun amince, ku biya. Idan zakka ce, ko sadakar da aka ware wa marayu ko masallaci, bai halatta a karkatar da ita nan ba.

Allah ne mafi sani.