Tambaya da Amsa: Ragin Farashin Takalmi a Intanet

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ana gab da ƙaramar Sallah na ga tallar wani takalmi sau-ciki a Instagram, an ja layi a kan naira 35,000 an rubuta 22,000, aka kuma ce ƙafa uku kawai suka rage. Na yi hanzarin tura kuɗi, sai daga baya na tarar da irinsa a kasuwar Sabon Gari a kan 18,000. Shin cutata aka yi? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba zan yi saurin kiransa cuta ba, amma an gwada maka tsohuwar dabarar 'yan kasuwa. A kasuwa, idan mai kaya ya yanka maka kuɗi, ka san ƙofar ciniki ya buɗe: za ka taya, ya ce albarka, ka juya kamar za ka tafi, ya kira ka ya sallama. A waya kuwa, wannan 35,000 ita ce kuɗin da aka fara yankawa, sai dai babu wurin tayi, don haka zuciya ta ɗauke ta a matsayin ainihin darajar takalmin, har ka ji kamar ka tsinci 13,000. Batun ƙafa ukun da suka rage kuma an kawo shi ne domin kada ka kwana kana shawara.

Ratar 4,000 da ke tsakanin kuɗin da ka biya da farashin Sabon Gari tana iya zama kuɗin talla da na ɗaukar hoto, waɗanda mai saye ne ke biyansu a ƙarshe. Ga kuma halin da naira ta shiga: tun watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yanke darajarta, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 har ta haura 1,500 a 2024. Takalman da ake shigowa da su daga Sin suka yi ta tsada, jama'a suka daina sanin farashin jiya balle na yau, kowane adadi aka rubuta sai a gaskata.

Nan gaba, ka nemi a turo maka bidiyon takalmin a hasken rana, a lanƙwasa shi, a nuna maka ko tafinsa ɗinki ne ko gam, domin a hoto leda da fata kamarsu ɗaya, sai bayan wata biyu ledar ta fara ɓarewa. Ka auna ƙafarka da santimita, tunda lamba 43 ta wani kamfani ba lallai ta zo daidai da ta wani ba. Tunda kuma a Kano kake, ina roƙonka ka leƙa wajen dukawan Ƙofar Wambai, inda za ka riƙe fatar da hannunka, ka shinshina ta, ka zura ƙafarka a ciki kafin ka ciro ko sisi.