Amsa ga mai tura takardun neman aiki ba a kiransa

Ƙanena, ka ce tun da ka gama karatu kake tura takarda duk inda ka ga tallar aiki, amma ko ganawa ba a taɓa kiranka ba, kana tambaya ko laifinka ne ko aikin ne babu. Na daɗe cikin masu tantance takardun, don haka bari in faɗa maka abin da ke faruwa bayan ka tura.

Gurbi ɗaya in aka tallata a intanet, takardu kan yi yawan da ba mai iya karance su. A manyan kamfanoni da dama manhajar kwamfuta ce ke fara tacewa, tana neman kalmomin da ke cikin tallar. Waɗanda suka tsira su ne ke zuwa hannunmu, kuma gaskiya leƙawa muke yi, ba karatu ba. Ido a saman shafin farko yake sauka. In ka cika wurin da sunan firamarenka da "ina da haƙuri da ƙwazo", an wuce ka, don kowa haka ya rubuta. Sa abin da ka taɓa yi da hannunka: lissafin shagon da ka riƙe, ajin da ka koyar, na'urar da ka gyara. Kuma takarda ɗaya ba ta yi wa kowane aiki, sai ka riƙa gyara ta daidai da tallar.

Amma babbar maganar ita ce, ƙofar talla ta fi kowace ƙofa cunkoso. A 1973 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya nuna cewa masu samun aiki ta hanyar wani, galibi ba aminansu ne ke kawo musu labarin ba, mutanen da suke haɗuwa da su jefi-jefi ne. Dalilin a fili yake: amininka, abin da ka ji shi ma shi ya ji. A 2022 wani bincike kan mutum fiye da miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, shafin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, ya ƙarfafa wannan. Ba maganar alfarma nake ba, wannan dabam ce kuma tana nan, ba na musu. Maganar jin labari da wuri nake, tun kafin a buga talla.

Saboda haka nemi tsofaffin abokan karatunka, da malamanka, da wanda ka yi aikin koyo a ƙarƙashinsa. Sai dai kada ka ce musu "a taimaka min da ko wane irin aiki". Wannan kalmar tana kashe maganar nan take, don ba wanda ya san inda zai kai ka. Faɗi aikin da kake nema da abin da ka iya a layi biyu, yadda mutum zai iya tura saƙon ga wani ba tare da ya ƙara komai ba.